Malama Ta Ajiye Alli

Yau ina roƙon arziki ku bar ni in jingine maganar siyasa da tsadar rayuwa da muka saba tattaunawa, in ba ku labarin wata tsohuwa da Allah Ya yi wa rasuwa a Gusau kwanakin baya, tana dab da cika shekara casa'in a duniya. Kakata ce, mahaifiyar mahaifina. A 'Yankuzo da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Tsafe, ba mai kiran ta da sunan yanka. Malama kawai ake cewa, kowa kuma ya san wadda ake nufi, har waɗanda aka haifa bayan ta bar aiki.

Na sani kowa na da kaka, kuma a wurin kowa tasa ce gwana. Abin da ya sa na kawo tawa shafin jarida shi ne tsawon rayuwarta ya zo daidai da tsawon tarihin karatun 'ya mace na zamani a ƙasar Zamfara. Ta ga lokacin da ake ɓoye 'yan mata cikin rumbu don kada a kai su makaranta. Ta ga lokacin da ajujuwa suka cika har ana zama gindin itace. Allah kuma Ya ja kwananta har ta ga an garƙame makarantu saboda tsoron 'yan bindiga. Wanda ya bi sawun rayuwarta zai ga inda muka fito da inda muka tsaya.

Kamar yawancin sa'o'inta, ba ta da takardar haihuwa. In aka tambaye ta shekarunta sai ta ce mahaifinta ya gaya mata an haife ta shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato 1938. A lokacin bai fi shekara tara ba da jirgin ƙasa ya fara ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, domin a 1929 layin dogo ya iso, ya mai da Gusau kasuwar auduga da gyaɗa. Karatun boko na mata kuwa jariri ne. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato, shekarar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya. Ke nan ita da karatun mata a lardin Sakkwato kusan tare suka yi rarrafe.

Shigarta makaranta ba da son kowa aka yi ba. A wancan zamani umarni ke fitowa daga sama zuwa ga hakimi, hakimi ya aika wa dagatai da masu unguwanni cewa kowa ya kawo yara kaza, har da mata. Masu hali da masu faɗa-a-ji sukan san yadda suka yi suka kuɓutar da nasu, sai kaso ya faɗa kan 'ya'yan barori da na talakawan da ba su da mai tsaya musu. Mahaifinta malamin allo ne mai ɗan gonarsa, ba shi da kowa a fada. Ranar da dogari ya zo tafiya da ita elementare a garin hakimi, ta ce mata sun cika gidansu ana koke-koke kamar an yi mutuwa, maƙwabta na shigowa yi wa mahaifiyarta jaje. Tsoron mutane a bayyane yake: za ta bar salla, za ta raina iyaye, ba za ta sami miji ba, ga kuma asarar tallar da ake tara kuɗin kayan ɗaki da ita. Duk lokacin da ta ba mu wannan labari takan yi dariya ta ce, "Ni dai rashin gata ya yi mini gata."

Mahaifinta ne kaɗai bai yi kuka ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa duk inda take kada ta saki allonta, ta riƙa biya karatunta da asuba kafin ta taɓa littafin Bature. Shi ya fara gaya mata cewa ƙasar nan ta san mata malamai tun kafin zuwan Turawa. Ya ba ta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da tsarinta na 'Yan Taru, inda take naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ɗora musu malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su karantar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Ya kuma tuna mata cewa 'Yandoto, wadda ke nan kusa da mu, gari ne da ya yi suna da tarin malamai tun kafin jihadi. Wannan magana ta mahaifinta ita ce makamin da ta riƙe har tsufanta. In wani magidanci ya ce mata karatun mace baƙon abu ne, sai ta tambaye shi ko ya fi 'yar Shehu sanin addini.

Daga elementare aka zaɓe ta zuwa makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato. Tafiya ce ta fiye da kilomita 200 daga Gusau, a bayan babbar mota, bisa buhunan kaya, da 'yar adakarta ta ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli. Can ta koyi karatu da rubutu da lissafi, da ɗinki da tsabtar gida da renon jarirai, da dabarun koyarwa. Yawancin waɗanda suka shiga tare an janye su tun suna 'yan shekara sha biyu ko sha uku aka yi musu aure. Ita ma an yi mata auren, sai dai Allah Ya haɗa ta da miji mai sauƙin kai, kakanmu, wanda malamin gona ne. Ya bar ta ta riƙa fita koyarwa a lokacin da fitar matar aure da rana abin magana ne. Abokansa suka laƙaba masa "mijin Malama" don su muzanta shi, shi kuwa ya karɓi sunan ya riƙa amsawa, har ya bi shi kabari. Duk mai yabon matan da suka fara aikin koyarwa a ƙasar nan, ya kamata ya raba yabon da irin waɗannan maza da suka toshe kunnuwansu.

Ta fara koyarwa tun kafin a sami 'yancin kai, kuma kusan duk aikinta a ƙananan ajujuwa ta yi shi, inda malamai da yawa ke gudu. Tsofaffin ɗalibanta sun ba ni labarin yadda ajinta yake. Da safe sai an yi layi ta duba farce da haƙora da kai. Kafin yaro ya taɓa allon rubutu sai ya yi makonni yana zana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi, ta ce hannu ya fara sanin hanya tukuna. Lissafi da 'ya'yan tsamiya da guntayen karan dawa ake yin sa, kowane yaro da 'yar jakarsa, a ɗaure kara goma-goma da zare don yaro ya ga goma da idonsa kafin a rubuta masa ita. Daga Ka Koyi Karatu a wuce zuwa Ka Ƙara Karatu, ranar da aji ya yi abin kirki kuma ladansa shi ne ta karanta musu labari ɗaya daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ta tsaya daidai inda ya fi daɗi, ta ce wanda ke son jin ƙarshe ya koyi karantawa da kansa. Tana da tsumagiya kamar kowane malami na zamaninta, amma kafin ta ɗaga ta sai ta tambayi yaro ko ya karya kumallo. In ya sunkuyar da kai, sai ta tura shi bayan aji inda take ajiye ƙwaryar dumame. Takan ce yunwa ba ta jin baƙi, balle wasali.

In ta tashi daga makaranta, wata makarantar ke jiran ta a gida. Shekarun 1950 ne gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, aka buɗe ajujuwan manya ko'ina, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato. Amma ajin manya na maza ne, a ƙofar fada ko gindin durumi. Matan kulle ba mai kai musu. Sai Malama ta mai da tsakar gidanta aji bayan la'asar, mata na zuwa da goyo da tsinkin saƙar hula, wata ta koyi rubuta sunanta, wata ta koyi karanta takardar asibiti. Ita ce kuma mai karanta wa matan unguwa wasiƙun mazajensu da suka tafi cin rani, ta rubuta musu amsa. Asirin gidaje da yawa ya bi ta hannunta, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya a bakinta. Da aka canza kuɗi a farkon 1973, fam ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, ta yi makonni tana zaunar da masu tuwon sayarwa da masu ƙuli-ƙuli tana nuna musu sabon lissafi, don kada 'yan kasuwa su cuce su wajen canji.

Babban yaƙinta dai shi ne riƙe 'yan mata a aji, kuma ba da hayaniya ta yi shi ba. In ta ga kujerar yarinya ta kwana biyu ba kowa, da dare sai ta yafa mayafi, ta ɗauki goro, ta tafi gaishe da uwar. Ba ta taɓa fara maganar makaranta. Sai an gaisa, an tambayi gajiya da ruwa, an taɓa hirar duniya, sannan ta gangaro. In talla ce ta hana, takan saye farantin gaba ɗaya daga albashinta, ta rabar a aji, yarinya ta zauna karatu. In aure ne ya taso, ba ta cewa kada a yi. Takan nemi a ɗaga biki zuwa bayan jarrabawa, ko ta sa kakanmu ya sami angon a zaure ya roƙe shi ya bar amarya ta ƙarasa. Wani lokaci ta ci nasara, sau da yawa kuma a ba ta haƙuri a rufe ƙofa. Tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta sunan duk yarinyar da ta shigo hannunta. Wadda ta gama, ta yi mata alama da shuɗin biro. Wadda aka cire, ta ɗiga mata ja. Na taɓa buɗe littafin, na ga a shafukan farko ja ya rinjayi shuɗi nesa ba kusa ba, amma ana tafiya shuɗi na ƙaruwa, har ya zo ya yi rinjaye a shafukan ƙarshe. Ban taɓa ganin rahoton wata hukuma da ya bayyana mini ci gaban ilimin mata kamar wannan littafi ba.

Shekarar 1976 ce ta sauya komai. A watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba suka wayi gari da ajujuwa biyu da allo. Malamai suka yi ƙaranci, aka shiga horar da su cikin gaggawa, har ana tura waɗanda ba su daɗe da barin firamare ba su riƙe aji. Malama ta yi murna da shirin, domin a karo na farko ta ga uwa ta kamo hannun 'yarta da kanta ta kawo. Amma ta sha faɗin cewa an yi shuka ba a tanadi masu noma ba. Ita da tsirarun tsofaffin malamai masu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu suka koma koyar da yara da safe, da yamma su koyar da sabbin malaman yadda ake tsara darasi. Yawancin gunagunin da muke yi yau kan lalacewar firamare, tushensa na nan a waɗannan shekaru, lokacin da yawa ya tsere wa inganci kuma ba a sake kamo shi ba.

Ta ɗanɗani daɗin aikin gwamnati, ta kuma ɗanɗani ɗacinsa. Kuɗin Udoji da aka biya a 1975 da su ta sayi keken ɗinki, wanda har yau yana nan yana aiki. A 1979, bayan ta shafe fiye da shekara ashirin tana koya wa 'ya'yan mutane sunayen shugabanninsu, ta jefa ƙuri'arta ta farko a babban zaɓe, domin sai a lokacin matan Arewa suka sami wannan dama. Daga nan sai guguwa ta juyo. A farkon shekarun 1980 malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa yin watanni ba albashi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya zo ya cinye darajar ɗan abin da ake biya. Malamai maza da yawa suka koma kasuwa da noma, aji ya zama wurin leƙawa. Ita keken ɗinkin nan ne ya riƙe ta, da 'yan awakinta. Ba ta taɓa fashin aji don ba a biya ta ba. Takan ce ba yaran ne suka riƙe mata kuɗi ba.

Da ta cika shekara talatin da biyar tana aiki ta yi ritaya, sai ta shiga wata makarantar, ta koyon haƙuri da fansho. Na raka ta tantancewa ba sau ɗaya ba. Wanda bai taɓa ganin layin 'yan fansho ba bai san yadda ƙasar nan ke saka wa bayinta ba: tsofaffi masu sanda, wasu an ɗauko su a baro, wasu ba sa gani, suna zaune a rana tun hantsi da takardu cikin leda, don su tabbatar wa wani yaro sa'an jikansu cewa suna da rai. Wata rana a wani ofishi, wani babban jami'i ya fito zai shiga mota, ya hango ta, ya zo da sauri ya durƙusa har ƙasa, ashe ɗalibinta ne. Ya ce ta taso a sallame ta nan take. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, waɗanga da kaka gani zaune, kowane malamin wani ne. In za ka yi, ka yi muna gaba ɗaya." Ranar bai tafi inda zai je ba, sai da aka sa kujeru a inuwa aka sallami kowa. Na yi murna, amma na koma gida ina tunanin sauran ranakun da ba a dace da ɗalibin kowa ba.

A gida kuwa kaka ce kamar kowace kaka, mai wasa da jikoki. Mu maza mazajenta ne, matan kuma kishiyoyi. In na shigo gaishe ta sai ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana? To ni na gaji da wanga aure, kai ni ga alƙali." In na miƙa mata goro da turare sai ta ce an fasa ƙarar. Rediyonta ba ya barin gefen filo, daga Kaduna zuwa Landan, ta san sunan kowane mai karanta labarai. Duk jaridar Hausa da ta shigo hannunta sai ta bi ta da jan biro tana maido wa baƙaƙe lanƙwasarsu, tana faɗa cewa wanda bai bambanta ƙasa da kasa ba, ko baƙi da baki, bai kamata a ba shi alƙalami ba. In aka tambaye ta sirrin tsawon rai takan ce kwana na Allah ne, amma ita dai ba ta kwana da kowa a zuciya, ba ta kuma barin furarta. Tsawon rai na da nasa haraji. Ta binne mijinta, ta binne wasu daga cikin 'ya'yanta, ta binne kusan duk ƙawayenta, har ta zo tana cewa ba sauran mai kiran ta da sunanta na yarinta. Amma ta ga jikoki, ta goya tattaɓa-kunne, kuma hankalinta bai gushe ba har ranar ƙarshe.

Abin da ya karya mata zuciya a ƙarshen rayuwa ba ciwo ba ne. Masu karatu sun san abin da sunan 'Yankuzo ya koma a kafafen labarai cikin shekarun nan, sun san halin da ƙauyukan Tsafe ke ciki: noma sai an biya haraji ga mutanen daji, hanya sai da addu'a, dare sai da kunne a buɗe. Da abin ya yi tsanani muka matsa mata ta dawo Gusau. Ta yi ta ƙi, tana cewa wa zai taɓa tsohuwa, sai da aka haɗa ta da dattawan gari sannan ta yarda. Ta fito da adakarta ta ƙarfe, wadda ta je Sakkwato da ita, ta bar ɗakin da ta yi fiye da rabin ƙarni a ciki.

Tana Gusau aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 26 ga Fabrairun 2021, su 279. Ranar ta kashe rediyonta da kanta, abin da ban taɓa gani ba, ta ƙi cin abinci. Da na lallashe ta sai ta ce, "Maigida, mu munka bi gida-gida munka ce a ba mu ɗiya amana. Yanzu mi za mu ce ma iyayensu?" Allah Ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki, amma abin bai tsaya nan ba. A farkon Satumbar shekarar aka kwashi ɗalibai fiye da saba'in a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. A Yulin 2022 aka wayi gari an naɗa wani ƙasurgumin ɗan bindiga sarauta a 'Yandoton Daji, har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. 'Yandoton da mahaifinta ke yi mata misali da ita wajen ilimi. A Satumbar 2023 kuma aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, ƙasar Bunguɗu, aka tafi da fiye da ashirin, yawancinsu mata.

Ku dubi yadda al'amari ya juye. A ƙuruciyarta iyaye ke ɓoye 'ya'ya, hukuma na nema. Yau iyayen ne ke son karatun, da yawansu ma ɗalibanta ne ko 'ya'yan ɗalibanta, amma hukuma ta kasa ba su tabbacin cewa yarinyar da ta fita da safe za ta dawo. Aikin shawo kan zukata, wanda ya ci wa irin su Malama shekaru arba'in, an gama shi ko an kusa. Abin da ya rage aikin masu iko ne. Kuma duk shekarar da makarantar ƙauye ta yi a rufe, 'yan matan da ke aji biyar da shida ba jira suke yi ba, aure ake yi musu, ko su bi iyayensu gudun hijira su ƙare da bara a bakin titin Gusau. Jan biro ya dawo, sai dai yanzu ba mai rubutawa.

Duk da haka ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A unguwar da muke akwai iyalai da yawa da suka gudo daga ƙauyuka. Ta sa aka share mata zaure, aka sayo alli da ƙananan alluna, ta riƙa tara 'ya'yansu da hantsi. Da idonta ya yi rauni sai ta koma zama gefe, wata jikanyarta na rubutawa a allo, ita tana gyara da kunne. Wata uwa ta taɓa tambayar ta a gabana ko ta mai da 'yarta makaranta ko ta haƙura. Malama ta yi shiru, sannan ta ce ba za ta ce mata ta kai ɗiyarta inda ba tsaro ba, amma kada ta bari allon ya bushe, ko a ɗaki ne a riƙa biyawa, domin wannan masifa tana da ranar ƙarewa.

A Gusau aka yi mata sutura, saboda hanya ba ta ba da damar kai ta kusa da kabarin mijinta kamar yadda ta so ba. Kwana uku gidan bai rabu da mata masu furfura ba, ungozomomi da ma'aikatan jinya da malaman makaranta da 'yan kasuwa, kowace na cewa ita ta koya mata riƙe alƙalami. Abin da ta bari na dukiya bai cika adakar nan tata ba: Alƙur'aninta, da carbi, da 'yan tufafi, da littafin nan mai baƙin bango. Malamai sun karantar da mu cewa ilimi mai amfani na cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Da wannan muke yi wa kanmu ta'aziyya.

Sai dai addu'a ga wadda ta tafi ba ta sauke mana nauyin waɗanda suka rage. Har yanzu akwai sa'o'inta da ƙannenta a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi da sauran garuruwa, malaman da suka ɗauki nauyin UPE a kafaɗarsu, wasu na karɓar fanshon da ba ya sayen maganin wata guda. Sashe na 210 na tsarin mulkin ƙasa ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, ya kamata kowace jiha ta faɗa wa jama'a abin da ta ƙara wa tsofaffinta. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki abu ne mai kyau, amma ƙarin shekarun aiki ba shi da daɗi ga wanda ya ga yadda na gabansa suka ƙare. Tantancewa kuma, a zamanin da ake buɗe asusun banki da wayar hannu, ba dalilin da zai sa a tara masu shekara tamanin a rana. A bi su gida.

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwambar 2023, an kuma ga gyaran makarantu a wurare da dama. Muna yabawa. Amma ma'aunin da zan auna shirin da shi, wanda na san shi Malama za ta yi amfani da shi, shi ne ranar da yarinyar 'Yankuzo za ta ɗauki jakarta ta tafi makarantar garinsu, ta tarar da malama 'yar garin a aji, ta dawo gida lafiya. Wannan na bukatar tsaro a ƙauyen kansa, da ɗaukar 'yan matan yankin da suka gama Kwalejin Ilimi ta Maru aiki a garuruwansu, domin baƙo ne ke neman canjin wurin aiki in an yi harbi, 'yar gari tana nan.

Ina kuma kira ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu da kwalejojinmu, su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana wurin waɗannan tsofaffin malamai mata tun suna da sauran numfashi. Sunayensu ba sa cikin littattafan tarihi, ba a sa wa titi ko makaranta sunansu ba, kuma kowace ta tafi, ta tafi da abin da ta sani. Kai kuma mai karatu, in malamin da ya koya maka baƙi da wasali yana raye, kada ka jira sanarwar rasuwarsa. Nemi gidansa wannan makon, ka durƙusa ka gaishe shi, ka riƙa masa abin da ya sawwaƙa.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa Aljanna ce makomarta, ita da dukkan malamanmu da suka riga mu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mai da kowa garinsu lafiya, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.